Sharuɗɗan talala sun raba maigidana da 'ya'yansa: akwai hanyar ƙalubalantarsu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a Ingila, ni da maigidana da yaranmu uku. An ɗaure shi saboda ya ji wa wani mutum mummunan rauni a faɗa. Makonni shida da suka wuce aka sake shi domin ya ƙarasa sauran wa'adinsa a waje, ƙarƙashin kulawar wata jami'ar sa ido. Sai dai sharuɗɗan da aka gindaya masa sun hana shi shiga duk yankin da gidanmu yake, har da makarantar yara da gidan mahaifiyarsa, wai saboda wanda ya ji wa raunin yana zaune a yankin. An kuma hana shi ganin yaransa sai da izinin jami'ar da na ma'aikatan kula da walwalar yara, alhali laifinsa bai shafi yaro ba. Abin da kawai na sani shi ne, shekarun baya maƙwabta sun taɓa kira mana 'yan sanda a kan wata hayaniya, kuma ba a tuhumi kowa ba. Duk lokacin da ya yi magana sai ta ce masa haka tsarin yake. Akwai abin da za mu iya yi, ko haƙuri ne kawai ya rage?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya kawo muku sauƙi, ya haɗa kan iyalinki. Akwai abin yi, kuma "haka tsarin yake" ba amsa ba ce da doka ta yarda jami'i ya fake da ita.

Amma kafin komai, ga abin da nake so ki riƙe da hannu biyu: muddin ba a sauya sharaɗi a rubuce ba, kada maigidanki ya taka shi ko na minti biyar. Kada ya leƙo gida da daddare don ya ga yara, kada ki kai masa su wani wuri a ɓoye, kada ya ce ai daga nesa kawai zai tsaya ya hango su a ƙofar makaranta. Wanda aka saka a kan lasin, wato takardar sharuɗɗan da aka ba shi ranar fitowa, a idon doka bai gama hukuncinsa ba, wurin zaman ne kawai ya canza. Mayar da shi gidan yari ba ya buƙatar a fara gurfanar da shi gaban alƙali. Jami'ar za ta rubuta rahoto, sashen da ke kula da wannan a Ma'aikatar Shari'a ya amince, 'yan sanda su zo su tafi da shi, sai bayan ya koma ciki ne zai sami damar yin bayani. Kuma ko da sharaɗin tsagwaron rashin adalci ne, karya shi yana miƙa musu hujjar cewa dama ba wanda za a sassauta wa ba ne. Na ga iyalai masu hujja mai ƙarfi sun rasa komai saboda ziyarar dare ɗaya, kuma ba na so hakan ya same ku.

Daga nan sai ku zauna da takardar ku karanta ta layi bayan layi, domin ba duk abin da ke hana shi zuwa gida ne ya fito daga hannu ɗaya ba, kuma kowanne da ƙofar da ake ƙwanƙwasa masa. Akwai abin da kotu ce ta sa da kanta ranar yanke hukunci, kamar umarnin nisantar wanda aka yi wa laifin. Wannan jami'ar sa ido ba ta da ikon taɓa shi, sai an koma kotun da ta bayar an nemi ta sauya ko ta janye. Akwai sharuɗɗan bai-ɗaya da ke kan duk wanda aka saka a kan lasin: ya zauna lafiya, ya riƙa tuntuɓar jami'insa, ya zauna a adireshin da aka amince da shi, kada ya kwana wani wuri ko dare ɗaya sai da izini, kada ya kama aiki ko ya bar ƙasar sai da izini. Waɗannan ba a cire su, amma inda duk aka ce "sai da izini", to akwai abin nema, akwai kuma hakkin a duba buƙatar da gaske. Sai kuma sharuɗɗan ƙari, waɗanda ake zaɓa wa mutum gwargwadon haɗarin da ake ganin yana tattare da shi. Biyun da suka dame ku duk na ƙari ne, kuma wannan ya yi muku kyau, domin su ne suka fi karɓar gyara. Ikon sa su ya samo asali ne daga sashe na 250 na Dokar Shari'ar Laifuka ta 2003 da ƙa'idojin da aka yi ƙarƙashinta a 2015, kuma kundin aikin hukumar sa ido da kansa ya ce ba a sa sharaɗin ƙari sai ya zama dole, ya kuma yi daidai da girman haɗarin. Ku gano kuma wa ya sake shi. Idan Hukumar Duba Sakin Fursunoni ce ta ba da umarnin, neman sauyi zai koma wurinta. Idan kuwa lokacin fitarsa ne ya yi bisa doka, jami'ai ne suka tsara sharuɗɗan, su ne kuma za su iya sauya su ba tare da wani zaman sauraro ba.

Makaminku na doka shi ne sashe na 8 na Yarjejeniyar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Turai, wanda ya ba kowa hakkin a mutunta rayuwarsa ta sirri da ta iyali da gidansa. Dokar Hakkin Ɗan Adam ta 1998, wadda ta fara aiki a Oktoban 2000, ta shigo da shi cikin dokokin ƙasar, kuma sashe na 6 nata ya haramta wa duk wata hukumar gwamnati yin abin da ya saɓa masa. Ɗauri ba ya kashe wannan hakkin. Sai dai hakki ne da aka yarda a taƙaita shi domin hana aikata laifi ko kare hakkin wasu, don haka faɗin cewa sharaɗin ya shiga rayuwar iyalinku ba ya isa. Kowa ya san ya shiga. Tambayar ita ce ko shigar ta wuce gona da iri. Kotun Ƙoli ta jera ma'aunin a shari'ar Bank Mellat ta 2013 cikin tambayoyi huɗu: manufar tana da muhimmancin da zai sa a taɓa hakki? Matakin da aka ɗauka yana da alaƙa ta hankali da manufar? Babu wani mataki mai sauƙi da zai biya buƙatar? Sannan in an auna amfanin da cutarwar, an yi adalci?

A tambaya ta uku ce ake cin nasara ko a faɗi. Wannan shi ne abin da nake so ki fi ɗauka daga amsar nan. Mafi yawan iyalai suna zuwa wa jami'i da kukan cewa abin ya yi musu zafi, kuma gaskiyarsu ne, amma jami'in da ke tsoron a zarge shi idan wani abu ya faru ba zai sassauta saboda tausayi ba. Zai sassauta ne idan aka ajiye masa wata hanya a gabansa wadda za ta kare wanda yake son karewa, ta kuma bar iyali su numfasa. Ku je da shawarar abin da zai maye gurbin sharaɗin, kada ku je da buƙatar a soke shi kawai.

Kada kuma ki manta cewa hakkin ba na maigidanki ba ne shi kaɗai. Naki ne, na yaran ne, har da na mahaifiyarsa. Ku ba ku aikata komai ba. Sashe na 11 na Dokar Yara ta 2004 ya ɗora wa hukumar sa ido nauyin la'akari da kariya da walwalar yara a cikin aikinta, kuma walwala ba ta tsaya ga nisanta yaro daga haɗari ba, ta haɗa da kada a raba shi da mahaifinsa ba gaira ba dalili. Yarjejeniyar Hakkin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Birtaniya ta amince da ita a 1991, ta ce a sashe na 9 yaron da aka raba da mahaifinsa ko mahaifiyarsa yana da hakkin ci gaba da hulɗa da shi kai tsaye a kai a kai, sai fa idan hakan ya saɓa wa maslaharsa. Haka Ƙa'idojin Tokyo na 1990 kan hukuncin da ba na ɗauri ba suka nemi sharuɗɗa su kasance masu yiwuwa, bayyanannu, kuma kaɗan iyakar yadda zai yiwu, tare da mutunta sirrin mai laifin da na iyalinsa. Waɗannan biyun ba dokokin da za ki kai ƙara da su kai tsaye ba ne a Ingila, amma kotuna suna duba maslahar yaro a matsayin babban abin la'akari idan suna auna sashe na 8, kuma ambatonsu a wasiƙa yana nuna kun san inda kuka tsaya.

Yanzu bari in gaya miki ɓangaren da ba shi da daɗin ji. Kotunan Ingila ba sa saurin tsoma baki a sharuɗɗan lasin. A shari'ar Carman ta 2004 Babbar Kotu ta ce auna haɗari aikin ƙwararrun gidan yari da na sa ido ne, kuma alƙalai ba za su shiga ba sai a yanayi na musamman. Shari'ar da ta fi kusa da taku ita ce ta Craven a 2001. Mutum ne da aka yi wa ɗaurin rai-da-rai saboda kisa, aka sake shi da sharaɗin kada ya shiga wani yanki na Newcastle inda danginsa suke, domin iyalin wadda aka kashe ma suna can. Kotu ta yarda sharaɗin ya taɓa rayuwar iyalinsa, amma ta ce halas ne a yi la'akari da baƙin cikin da iyalin mamaciyar za su shiga idan suka yi kiciɓis da shi, ko da ba a tsoron zai cutar da su. Ya faɗi a kotu. Amma abin lura shi ne taswirar da kotu ta amince da ita ba ita ce ta farko ba, an riga an rage faɗinta sakamakon ƙorafinsa. Wato ribar da ya samu, a teburin tattaunawa ya same ta. A ganina wannan shi ne darasin da ya fi amfanar ku.

A ɗaya gefen kuma, sharaɗin da ya raba uba da 'ya'yansa na cikinsa yana buƙatar dalili na musamman da ya shafi wannan uban da waɗannan yaran. A Amurka, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta shiyya ta tara ta soke irin wannan sharaɗi a shari'ar Wolf Child ta 2012, inda aka hana mutum zama da 'ya'yansa mata ko hulɗa da wadda zai aura sai da izini, ba tare da an kawo hujjar cewa shi haɗari ne gare su ba. Hukuncin ba ya ɗaure kotunan Ingila, amma tunanin ɗaya ne: ba a yanke zumuncin uba da ɗa da dalilin da aka ɗauko daga jerin sharuɗɗa na kowa da kowa.

To ta ina za ku fara? Ku fara da neman dalili a rubuce. Maigidanki ya rubuta wa jami'ar, cikin ladabi, ya tambayi kowane sharaɗi: wane haɗari ake son karewa, ga wa, bisa wace hujja, waɗanne hanyoyi masu sauƙi aka duba aka ƙi, kuma yaushe za a sake nazarinsa. Ya nemi kwafin ma'aunin haɗarinsa, wanda ake kira OASys. Yana da hakkin neman bayanan da aka adana a kansa ƙarƙashin dokar kare bayanai, kuma a ƙa'ida wata ɗaya ne wa'adin amsa. Ba za a ba shi komai da komai ba. Abin da wanda aka ji wa raunin ya faɗa, da inda yake zaune takamaimai, za a ɓoye su, kuma daidai ne a ɓoye. Dokar 2004 kan rikicin cikin gida da laifuka da waɗanda aka zalunta ta ba wanda aka yi wa laifin tashin hankali, idan hukuncin ya kai wata 12 ko fiye, damar faɗin sharuɗɗan da yake so a sa. Amma damar faɗi ce, ba ikon yanke hukunci ba. Hukuma ce ke da alhakin aunawa. Ku karanta ma'aunin da idon basira, domin a nan ake yawan samun kuskure: zargin da aka rubuta tamkar tabbataccen laifi, tsohon bayani da ba a sabunta ba, kwas ɗin da ya kammala a gidan yari amma ba a ambata ba. Sharaɗin da aka gina a kan bayanin da ba daidai ba ya fi kowanne saurin rushewa.

Game da yankin da aka hana shi shiga, ku ɗauko taswira. Shin da gaske sai an rufe duk yankin kafin a hana su haɗuwa? Abin da ake nema a irin wannan shi ne a rage shi zuwa unguwannin da mutumin yake zaune ko yake aiki, ko a bar masa ƙayyadaddiyar hanya ɗaya daga wajen yankin zuwa gidanku ko gidan mahaifiyarsa, a ranaku da sa'o'in da aka sani, a mota, ba tare da tsayawa ba. Zai iya cewa ya yarda a ɗaura masa na'urar bibiya a ƙafa domin a tabbatar bai kauce ba. Za a iya farawa da izinin ziyara ɗaya, in ta tafi lafiya a ƙara. Idan mahaifiyarsa tsohuwa ce ko ba ta da lafiyar fita, ku kawo takardar likita, domin amsar da aka saba bayarwa ita ce "ai dangi za su iya zuwa wurinsa", kuma sai kun nuna dalilin da ya sa hakan ba zai yiwu ba. Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai da babbar murya: kada ke ko wani ɗan'uwa ya je wurin wanda aka ji wa raunin don roƙo ko sulhu, komai kyawun niyya. Za a ɗauke shi tuntuɓa ta bayan fage, kuma zai iya mayar da maigidanki ciki.

Sharaɗin yara ya fi buƙatar natsuwa, kuma a nan zan ɗan daɗe. Ina kyautata zaton kiran 'yan sandan nan na shekarun baya ne ya haifar da shi. Ko ba a tuhumi kowa ba, kiran yana nan a rubuce, kuma idan jami'i ya haɗa laifin tashin hankali da tarihin hayaniya a gida mai yara, abin da ya saba yi shi ne ya rufe ƙofa tukuna har sai ma'aikatan walwalar yara sun yi bincikensu. Matsalar ita ce sau da yawa binciken ba ya farawa. Jami'ar sa ido tana jiran ma'aikatan yara, su kuma suna ganin tunda uban ba ya gidan babu gaggawa, sai watanni su shuɗe yara ba su ga mahaifinsu ba, ba don an same shi da wani abu ba, sai don babu wanda ya ɗauki fayil ɗin. Wannan jinkirin kansa abin ƙalubalanta ne. Ku tambaya a rubuce: an tura buƙatar binciken? Ranar nawa ga wata? Wa ke riƙe da ita? Ke ma kina da damar tuntuɓar sashen kula da yara na ƙaramar hukumarku da kanki ki nemi a zo a yi.

Idan suka zo, ki sani ba shi kaɗai ake aunawa ba, har da ke. Suna son su ga ko ke uwa ce da za ta iya kare yaranta idan abu ya ɓaci. Matar da ta ce "mijina bai taɓa yin komai ba, sharri aka yi masa" tana ganin kare shi take yi, amma a kunnensu tana cewa ne ba za ta ga haɗari ba ko ya zo. Wadda ta ce "na san abin da ya yi, na san munin sa, ga abin da ya canza, ga kuma abin da zan yi idan na ga alamar fushi ya dawo" ita ce ake ba amana. Haka shi ma. Amincewa da laifi da nuna ya fahimci abin da ke tunzura shi ya fi kowace rantsuwa tasiri. Sannan ku gabatar da tsari hawa-hawa: waya da kiran bidiyo da wasiƙu tun yanzu, sai ganawa a gaban wani babba da hukuma ta amince da shi ko a cibiyar ganawar iyali, sai fita da rana ba mai sa ido, sai kwana, kowane mataki da ranar da za a duba shi. Jami'i ya fi samun sauƙin cewa "to" ga matakin farko na tsani fiye da buɗe ƙofa gaba ɗaya.

Zan faɗi wata magana a nan, ki ɗauke ta da kyakkyawar zuciya. Ke kaɗai kika san abin da ya faru a daren da aka kira 'yan sanda. Idan hayaniya ce kawai, to ki faɗe ta yadda take. Idan kuwa akwai abin da ya fi haka, idan akwai tsoro a ranki, ko kuma matsin dangi ne ya sa kike neman a cire sharaɗin, kina da damar ganawa da jami'ar ko ma'aikaciyar yara ke kaɗai, kuma ki nemi kada abin da kika faɗa ya koma kunnensa. Wani lokaci sharaɗin da ya yi kama da zalunci daga waje shi ne katangar da ke kare mace da 'ya'yanta. Ba ina cewa haka naki yake ba, amma ba zan yi miki adalci ba idan na tsallake wannan.

Wasiƙar neman sauyin kada ta yi tsawo, kada kuma ta zama ta zargi. Ta ambaci sharaɗin da kalmominsa, ta faɗi illar da yake yi da misalai na zahiri, ta kawo madadin, ta nemi amsa a rubuce cikin ƙayyadadden lokaci, kamar kwana 14. Illar a nuna ta da takarda: wasiƙar makaranta idan karatun yaro ko halinsa ya canza, ta likita idan barci ko lafiyar wani ta taɓu, bayanin ki na yadda ɗawainiyar gida ta koma kanki ke kaɗai. A haɗa da shaidar cewa bai taɓa fashin ganawa da jami'arsa ba tun fitowarsa. Akwai kuma hujjar da ke magana da yaren hukumar kanta. Rahoton Lord Farmer na 2017, wanda gwamnati ce ta sa aka yi, ya kawo binciken Ma'aikatar Shari'a da ya nuna fursunonin da danginsu ke ziyarta sun fi waɗanda ba a ziyarta ƙarancin komawa ga laifi da kashi 39 cikin 100. Wato zumuncin iyali yana cikin abin da ke rage haɗarin da suke tsoro. Raba mutum da shi ba tare da dalili ba yana aiki ne kishiyar manufarsu.

Idan jami'ar ta ƙi ko ta yi shiru, a hau sama: babban jami'in da ke kanta, sannan shugaban ofishin yankin. Idan sunan maigidanki yana ƙarƙashin tsarin MAPPA, wato zaman haɗin gwiwar 'yan sanda da gidan yari da hukumar sa ido kan masu laifin da ake ganin suna da haɗari, ba za ku halarci zaman ba, amma kuna iya neman a gabatar da wasiƙarku a can. Bayan haka akwai hanyar ƙorafi ta hukuma, mataki na farko da na ɗaukakawa, daga nan sai ofishin mai binciken koke-koken fursunoni da masu talala, wanda yake zaman kansa. Maigidanki ne zai shigar da koken da sunansa. Ofishin yana ba da shawara ne, ba umarni ba, kuma yana ɗaukar lokaci, amma ya dace da matsaloli irin su jinkiri, rashin amsa, da rashin bin ƙa'ida.

Hanya ta ƙarshe ita ce neman Babbar Kotu ta yi bitar matakin hukumar. A nan lokaci ne abokin gabarku. Ƙa'ida ta ce a shigar da ƙara cikin hanzari, kuma kada a wuce wata uku daga ranar da aka yanke shawarar da ake ƙalubalanta. Shigar da ƙorafi ba ya tsayar da wannan agogon. Kun riga kun ci makonni shida, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ku nemi lauya mai aikin dokar gidan yari ko dokar hukumomin gwamnati a makon nan, ko da kuna fatan ba za a kai ga kotu ba. Ana iya samun tallafin kuɗin lauya daga gwamnati a irin wannan ƙara idan kuɗin shigarku da ƙarfin hujjarku sun cika sharaɗi, kuma akwai ƙungiyoyin agaji da ke ba fursunoni da waɗanda aka saka a kan lasin shawarar doka kyauta. Gaskiya ne cewa sabon ƙin amincewa da buƙatar sauyi yana iya zama sabuwar shawara mai nata wa'adin, amma kada ku dogara da wannan ba tare da lauya ya duba ba. Kafin ƙara, lauya zai aika wasiƙar gargaɗi wadda a al'ada ake ba hukuma kwana 14 ta amsa. Sau da yawa a wannan matakin ne ake ganin motsi, domin a lokacin ne wani lauyan gwamnati zai tambayi jami'ar ta nuna masa inda ta rubuta dalilanta da inda ta auna maslahar yara. Ki kuma san iyakar abin da kotu ke bayarwa: ba ta zana sabuwar taswira da kanta. Idan kun yi nasara, za ta soke shawarar ta ce a sake yanke ta bisa ƙa'ida. Abin da ya fi kai mutum ga nasara shi ne a nuna ba a duba halin iyalinsa ba sam, ko an dogara da bayanin kuskure, ko an ƙi duba madadin, ko an mayar da ƙa'idar aiki tamkar doka marar togiya. Wannan na ƙarshen shi ne ainihin ma'anar "haka tsarin yake", don haka idan ta sake faɗa, ya nemi ta rubuta masa.

A tsakanin nan, ya riƙe alaƙarsa da jami'ar da kyau ko da ransa a ɓace yake. Ita ce za ta rubuta shawarar sassautawa idan lokaci ya yi, kuma yadda ya ɗauki "a'a" yana cikin abin da take aunawa. Bayan kowace ganawa ya aika mata gajeren saƙo yana maimaita abin da aka cimma, domin izinin baki ba ya kare kowa idan jami'i ya canza ko ya manta. Ku adana komai a fayil ɗaya bisa jerin kwanan wata.

Akwai buƙata ɗaya da nake so ku sa a wasiƙar farko, domin ba kasafai ake ƙin ta ba, kuma rashin ta kan jefa mutane cikin matsala: a rubuta muku tun yanzu abin da zai yi idan larura ta taso, kamar a kwantar da ɗaya daga cikin yaran ko mahaifiyarsa a asibitin da ke cikin yankin da aka hana shi. Wa zai kira idan dare ne ko ƙarshen mako, wace lamba, wa ke da ikon ba da izini nan take, kuma ta wace hanya za a tabbatar masa da izinin a rubuce kafin ya kama hanya.